Direban da Ba Ya Juyawa Hagu

Baballe mutumin Kwandere ne, ko da yake kakansa daga Kano ya taso da fataucin goro, ya ga doyar wurin ya ƙi komawa. Mahaifinsa tela ne, kuma ya so ɗansa ya gaji keken ɗinki, amma Baballe idan ya karɓi ɗinkin ƙaramar salla sai a babba ake sa shi. Ba lalaci ba ne, haka dai Allah ya yi shi, ba ya sauri a komai. Da uban ya gaji, sai ya kai shi tashar mota a Lafia ya damƙa shi a hannun wani tsohon direba, wai ko ƙarar inji za ta farkar da shi.

Ba ta farkar da shi ba, amma ya iya tuƙi. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996, Lafia ta cika da sababbin ma'aikata, kowa da jaka a hammata yana neman mota, shi kuwa yana jan tasi tsakanin Lafia da Akwanga. Abin da aka san shi da shi a tasha shi ne ba ya danna hon. Idan kaza ta shiga titi, sai ya tsaya har ta gama shawara. Idan shanu ne ke tsallakawa, ya kashe mota ya gaisa da makiyayin, ya tambaye shi ya ruwa. Yakan ce hon tsawa ce, kuma shi bai ga dalilin da zai sa ya yi wa wanda bai sani ba tsawa. Masu sauri ba sa shiga motarsa. Tsofaffi da masu ciki da masu ɗauke da ƙwai kuwa shi suke jira.

A cikin masu jiran nasa akwai Hajiya Asama'u, dillaliyar agushi da riɗi, wadda ke cika manyan motoci tana turawa Kudu. Ta ɗauke shi aiki ya riƙa jan akori-kurarta zuwa ƙauyuka, suka shekara uku babu wanda ya ɗaga wa wani murya. A 2004 kasuwa ta yi mata kyau, sai ta aika Kwatano aka kawo mata jif, kamar yadda ake kiran kowace babbar mota mai tsayi a garin. Tokumbo ce, baƙa wuluk, kujerunta na fata, sai an taka matakala ake hawa, ga maɓallai ta ko'ina har a jikin kujera. Matan kasuwa suka yi ta zuwa gida suna shafa ta suna sa albarka. Baballe ya tuɓe takalmi kafin ya shiga ranar farko.

Ruwan farko na damina ne ya tono halinta. Suna dawowa daga kasuwar Alamis, Hajiya a baya tana cin gyaɗa, suka iso babban shataletalen garin. Baballe yana karya sitiyari zuwa hagu, sai motar ta saki hon. Ba irin hon ɗin tasi ba ne, wata murya ce mai kauri kamar ta jirgin ƙasa, kuma ba ta yanke ba sai da suka fita daga shataletalen ya miƙe sitiyari. 'Yan acaɓa suka ɗauka biki ne suka biyo su suna nasu hon ɗin.

Hajiya ta ce, "Baballe, lafiya? Wa ya ɓata maka rai?"

"Hajiya, ba ni ba ne. Kin ga hannuna."

"Na gani. Mayar da shi kan sitiyari."

Kafin su kai gida ya gane yadda abin yake. Idan ya juya dama, shiru. Idan ya ɗan karkata hagu kaɗan, motar ta yi wani ɗan nishi kamar akuya ta ƙoshi. Idan kuwa kwana ce sosai ta hagu, to kowa a unguwar sai ya fito.

Washegari suka kai ta garejin Iorhemba, wani riwaya, mai gyaran wayoyin mota, ɗan Tibi da ke aiki a gindin mangwaro a hanyar Makurdi. Iorhemba ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo hannunsa a baya. Ya cire fiyus ɗin hon, sai motar ta ƙi tashi, but ɗinta kuma ya buɗe da kansa. Ya mayar, ta tashi. Ya yanke wayar hon ɗin, ta sake ƙin tashi, wannan karon har da kunna rediyo.

Ya ce da irin tasa Hausar, "Hajiya, wannan mota ba waya ne yana aiki a ciki ba, kwamfuta ne. Ka taɓa shi a nan, ya yi kuka a can. Idan kina so ya tafi, sai kin bar shi da bakinshi."

A nan gindin mangwaron Hajiya ta gane ba ita kaɗai ba ce. Irin motar akwai wasu biyu a Lafia, duk daga hannun dila ɗaya, kuma duk suna wurin. Alhaji Abdulbaƙi mai kayan gini ya ce tasa da zarar an fara yayyafi sai gilasanta su sauka, ba za su hau ba sai rana ta fito, shi ya sa yake ajiye lema a ciki. Ɗayan kuma, wani babban ma'aikacin gwamnati, ya ce kujerarsa ce ke matsowa gaba da kanta a hankali, kafin ya kai ofis ƙirjinsa ya manne da sitiyari, sai masinja ya taimaka masa ya fito. Suka haɗu suka kira dilan a wayar Hajiya. Ya saurare su a tsanake, ya ce motocin daga ƙasar sanyi suka fito, suna koyon zafin Najeriya ne, a yi musu haƙuri kamar baƙi. Alhaji Abdulbaƙi ya tambayi Hajiya ko za su yi musaya. Ta dubi lemarsa ta ce a'a, ita ta riga ta saba da tata.

Sayarwa kuwa ba ta cikin maganar. Duk kasuwa ta zo ta yi mata murna, ba za ta koma akori-kura a ce ta kasa riƙe mota ba. Wanda abin ya dama shi ne Baballe. Kwana biyu bai iya cin abinci sosai ba. A rana ta uku ya zo wurin aiki ya tsuguna ya ce, "Hajiya, na sami mafita. Ba za mu ƙara juyawa hagu ba."

"To idan inda za mu je yana hagu fa?"

"Idan aka yi ta juyawa dama, ana isa. Sai dai a ɗan fito da wuri."

Haka Baballe ya sake koyon Lafia tun daga farko. Siton Hajiya yana hagu da ƙofar gidanta, ana hango rufinsa daga zaure. Shi kuwa sai ya fito ya yi dama, ya bi ta bayan makarantar firamare, ya ratsa gefen filin ƙwallo, ya bi lungun masu niƙa, sannan ya ɓullo wa siton ta ɗaya ɓangaren. Leburorin da suka fito tare da su a ƙafa kan riga su isa, har su yi shara su zauna. Hajiya ta mayar da karin kumallonta cikin mota. Shataletale kuwa sun yi sallama da shi. Wata rana suka je ta'aziyya Azuba, gidan rasuwar kuma yana hagu da titi. Masu zaman makoki suka ga motar Hajiya ta iso, ta rage gudu, ta wuce. Baballe ya ce ta sauka ta tsallaka titi kawai, ta ce ba don ta riƙa tsallaka titi ta sayi mota ba. Sai da ya yi nisa ya sami wata hanyar gona da ta zagaya, suka ɓullo ta bayan gidan da ganyen rogo maƙale a madubi, an riga an shafa fatiha.

Abin ya bi shi har gida. Matarsa Mardiya ce ta fara lura. Masallacin unguwarsu yana hagu da ƙofarsu, amma sai ta ga ya fito ya yi dama, ya zagaya layin duka.

Ta ce, "Malam, ai ƙafarka ba ta da hon."

Ya tsaya ya yi tunani, ya ce gaskiya ne, amma hankalinsa ya fi kwanciya haka.

Ita ce kuma ta gano matsala ta biyu. Da bazara ta shigo, ta ga bayan wandunansa duk sun canza kala, kamar an bar dutsen guga a kai. Ta tambaye shi ko a kan murhu yake zama a wurin aiki. Sai a lokacin ya faɗa mata cewa kujerar direba tana ɗaukar zafi tun watannin baya, esi na hura masa sanyi a fuska, ƙasa kuma yana dahuwa. Bai faɗa wa kowa ba don ya ɗauka haka motocin manya suke. Iorhemba da ya ji ya yi dariya har da zama a ƙasa. Ya ce Turawa ne ke sa wa kujera abin ɗumama jiki saboda sanyin ƙasarsu, kuma wannan kam wayarsa daban take, zai iya yanke ta ba tare da motar ta yi fushi ba. Aka sa rana.

Kafin ranar ta zo, ciwon bayan Inna Mairama, mahaifiyar Hajiya, ya tashi. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ta yi shekaru tana tafiya a sunkuye. Aka ce a kai ta asibiti. Ranar kuma ƙofofin motar suka ƙi buɗewa, sai ta direba kaɗai, don haka aka ce ta shiga ta nan ta tsallaka baya. Aka tallafa mata ta hau, ta zauna a kujerar Baballe don ta huta. Ta gyara zama. Ta lumshe ido.

Hajiya ta ce, "Inna, matsa baya mu tafi."

"A bar ni nan."

"Ai wurin direba ne."

"To shi ya nemi wani wurin. Asama'u, kina da irin wannan a gida kika bar ni ina shan allurai?"

Ba a je asibitin ba. Da ta sauko, ta taka har ɗakinta ba sanda. Tun daga ranar, kowace safiya sai Baballe ya tayar da mota Inna ta hau ta gasa bayanta kafin a fita aiki. Ta faɗa wa ƙawarta, ƙawar ta faɗa wa kishiyar 'yarta, ba a yi wata ba sai da aka ajiye benci a ƙofar gareji. Tsofaffin matan unguwa, Alago da Eggon da Hausawa, har da wata Bafulatana mai tallan nono, suka riƙa yin layi. Baballe ya zama mai raba layi da raba faɗa. Wasu kan ce masa ya ƙara wuta, ya ce ba shi da iko a kai. Idan wata ta daɗe ta ƙi sauka, Inna Mairama kan miƙa hannu ta tagar ta murɗa sitiyari hagu, tsohuwar ta diro tana salati. Da Iorhemba ya zo da almakashinsa, Inna ta tare shi a ƙofa ta ce duk wanda ya taɓa wayar nan ba ta yafe ba. Ya juya ya koma.

Baballe ya so ya bar aikin. Ya faɗa wa Mardiya haka wata Juma'a suna ɓare gyaɗa a tsakar gida. Ta ce ya bari mana, tasha ba ta tashi ba. Ya ce to wa zai riƙe motar? Da zazzaɓi ya kwantar da shi Hajiya ta ɗauko wani direba, kafin azahar mutumin ya ajiye makulli a kan benci ya tafi ko sallama babu. Kuma tsofaffin nan yanzu har ƙosai suke kawo masa. Mardiya ba ta ƙara magana ba, ta ɗinka masa matashi mai kauri, ta sa faifai biyu a ciki. Da shi ya ci gaba da aiki har shekara huɗu.

Ƙarshen abin a Adogi ya zo, a 2008, lokacin kakar agushi. Wani manomi da Hajiya ke sayen kaya a wurinsa ya ba ta kyautar bunsuru, ƙato mai gemu, irin wanda ake jin warinsa kafin a gan shi. Aka ɗaure shi aka sa a but. Baballe ya shiga ya tayar da mota don ta yi sanyi kafin Hajiya ta gama sallama da mutane. Sai ya ji ƙofofi sun yi ƙas gaba ɗaya. Ya ja hannun ƙofa, babu. Ya danna maɓallin gilashi, babu. Hajiya ta ja ta waje, manomin ya ja, 'ya'yansa suka ja. Bunsurun kuwa ya tsinke igiya, ya tsallako kujerar baya, ya tsaya daidai kusurwar da Hajiya ke zama, ya fara cin bel ɗin kujera.

Kasuwar ta watse ta dawo jikin motar. Gilasan masu kauri ne, ba a jin magana, sai da hannu. Hajiya ta ɗauko dutse ta nuna masa za a fasa. Ya girgiza kai, don ya san Alhaji Abdulbaƙi ya taɓa fasa nasa ya yi rabin shekara da leda a taga. Ya nuna mata sitiyari, ya nuna hanyar Lafia. Ta gane. Motar na tafiya, shi yana ciki, abin da ya rage kawai shi ne mai motar tana waje.

Haka aka yi. Hajiya Asama'u ta tattara zaninta ta hau acaɓa, ta bi bayan motarta tana shan ƙura, bunsuru a wurin zamanta yana leƙen gonaki ta gilashi. Esi ya ɗauki warin ya raba shi ko'ina. Matashin Mardiya kuma ranar an manta shi a kan benci. Da suka shigo gari, hanyar dama da Baballe ya saba bi zuwa garejin Iorhemba doguwa ce ƙwarai. Ya dubi hanyar, ya ji bunsurun ya ɗora masa haɓa a kafaɗa. Ya ce bismillahi ya nufi shataletale.

Waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. Baƙar mota tana ruri, direba yana hawaye, wani mai gemu a baya yana kallon jama'a da natsuwa. Ɗan sandan da ke ba da hannu ya tsayar da kowa ya ƙame ya sara. Sai can ga Hajiya a kan babur, fuskarta ja da ƙura, tana ce wa ɗan acaɓa kada ya bari su ɓace.

A gareji Iorhemba ya fito yana goge hannu. Bai kai ga ɗauko komai ba, ya ɗora yatsa a kan hannun ƙofa kawai, duk suka buɗe. Bunsurun ne ya fara sauka. Baballe ya fito ya nemi buta, ya zauna a cikin inuwa a kan gefen cinyarsa. Hajiya ta sauka daga babur, ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Sannu, Malam Baballe." Ba ta taɓa ce masa Malam ba sai ranar.

"Yauwa, Hajiya. Ki yafe mini hon ɗin."

"Ni ce zan ce ka yafe mini motar."

A makon ta ba surukinta Abdulhakeem kyautar motar. Ma'aikacin banki ne a Makurdi, ya daɗe yana yaba ta, kuma bai taɓa shiga ba sai tana tsaye. Inna Mairama da ta ji, ta ɗaure kayanta a zani ta ce inda kujerar ta je nan za ta, ai can ma gidan jikarta ne. Aka yi lallashi ta ƙi. Sai aka ce Baballe ya kai su su biyun, ita da motar.

Tun daga ƙofar gida har Makurdi motar ba ta yi ko tari ba. A wata kwana da ba ta da makawa ya juya hagu yana runtse ido, ya ji shiru. Kujera ta yi sanyi kamar randa. Gilasai suka hau suka sauka yadda aka ce musu. Da suka isa, ya zaunar da Abdulhakeem ya faɗa masa komai dalla-dalla, bai ɓoye ko ɗaya ba. Abdulhakeem ya zagaya unguwa da ita, hagu da dama, ya dawo yana murmushi ya ce, "Baba, irin wannan motar sai wanda ya karanta littafinta." Inna kuwa ta hau kujera ta ji sanyi, ta ce an haɗa baki an cuce ta. Baballe ya ba da makulli ya hau bas ya dawo Lafia. Bayan 'yan makonni Inna ta aiko a gaishe shi, ta ce a faɗa masa bayanta ya yi sauƙi, wuta ta dawo. Abdulhakeem kuma tun daga lokacin idan ya zo Lafia ya hango Baballe sai ya shiga duba wayarsa.

Hajiya ta koma akori-kurarta, ta ce ta fi ɗaukar kaya. Da ta rage zuwa ƙauye saboda ƙafa, ita da kanta ta nema wa Baballe aikin jan tifa a wurin wani ɗan'uwanta mai kai yashi wuraren gini a Azuba. Tsohuwar tifa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, fitilarta ɗaya, kuma a kan gangara ake ajiye ta don ba ta tashi da makulli. Ya yi ƙiba a wannan aikin.

A 2010 wani ɗan kwangila da yake kai wa yashi ya sayi sabuwar jif, fara, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ya ji labarin haƙurin Baballe, ya kira shi ya ce yana so ya zama direbansa, har da ɗaki a gidan. Baballe ya ce a bari ya gan ta tukuna. Ya buɗe ƙofa ya leƙa. A gaban direba akwai wani ɗan allo kamar talabijin, yana buɗewa ya kama da kansa, ya rubuto wani abu da Turanci.

Ya tambaya, "Alhaji, me ta ce?"

"Cewa ta yi barka da zuwa."

Baballe ya mayar da ƙofar a hankali ya rufe. Ya ɗaga hannu ya yi wa Alhaji da motarsa doguwar addu'a, ya ce Allah ya sa su zauna lafiya da juna. Sannan ya roƙi magina su zo su taya shi tura tifa, don ranar a fili ya ajiye ta.